Maganin na asibiti, mai ciwon na kurkuku: San Antoniyo da cutar baifola a tsakanin 'yan Hispanik

A shekarar 1994 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da ya sauya yadda ake jinyar cutar baifola, larurar ƙwaƙwalwa mai kai mutum tsakanin tsananin kuzari da tsananin baƙin ciki. Jagoran aikin shi ne Dakta Charles Bowden, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar kiwon lafiya ta jihar Tekzas da ke San Antoniyo. An ɗauki majinyata 179 da ciwon ya tasar musu har aka kwantar da su, aka raba su gida uku, aka bi su kwana 21. Cikin waɗanda aka bai wa maganin da ake sayarwa da sunan Depakote, kashi 48 cikin 100 sun sami sauƙi sosai. Masu shan litiyam, tsohon maganin da aka sani tun 1949, kashi 49. Waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta, kashi 25. Shekara na zagayowa, a 1995, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Depakote don kwantar da tashin wannan ciwo.

A wannan garin ne kuma, wajen shekara ta 2000, kurkukun gunduma ya cika ya batse, har gwamnatin jiha ta fara maganar cin tara. Da yawa daga waɗanda ke ciki ba gawurtattun masu laifi ba ne. Mutane ne masu larurar ƙwaƙwalwa da aka kama suna ihu a bakin titi, ko sun shiga shago sun ƙi fita, ko kuma danginsu sun rasa yadda za su yi da su cikin dare suka kira 'yan sanda. Ilmin jinyar yana can arewa maso yammacin gari, a unguwar manyan asibitoci. Masu ciwon kuwa suna yammaci da kudancin gari, unguwannin talakawa 'yan asalin Meziko. Tazarar da ke tsakanin waɗannan wurare biyu, da abin da aka yi don rage ta, shi ne abin da nake son mu duba.

Baifola ciwo ne mai fuska biyu. Akwai lokacin tashi, wanda likitoci ke kira maniya: mutum ya kwana uku ko huɗu bai runtsa ba kuma ba ya jin gajiya, magana na zubo masa ba waƙafi ba aya, ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa, ya kashe kuɗin hayar gida a yini ɗaya, wani lokaci har ya riƙa jin muryoyi ko ya ɗauka an aiko shi da wani babban saƙo. Sai lokacin faɗuwa, wanda ya fi daɗewa: makonni ko watanni na baƙin ciki mai nauyi, tashi daga gado ya zama aiki, tunanin mutuwa ya riƙa zuwa. Tsakanin biyun mutum na iya yin shekara lafiya lau, yana sana'arsa. Yawanci ciwon kan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, kuma yana bin jini. Ba a warkewa a rabu da shi, amma ana riƙe shi da magani, mutum ya yi aure, ya yi aiki, ya tsufa cikin iyalinsa.

San Antoniyo gari ne mai mutum kusan miliyan 1.4 a ƙidayar 2020, kuma kusan kashi 64 cikin 100 'yan Hispanik ne, wato masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, galibinsu Meziko. Kada a ɗauka duk baƙi ne. An kafa garin a 1718, Tekzas kuwa ba ta shiga Amurka ba sai 1845, don haka akwai gidajen da iyaka ce ta zo ta same su. Wasu Turanci kawai suke ji, wasu Sifaniyanci kawai, da yawa suna gauraya biyun a jimla ɗaya. A gida guda za a sami kaka ba ta jin Turanci, jika ba ya jin Sifaniyanci sosai, uba yana da takardun zama, ƙanensa ba shi da su. Gundumar da garin ke ciki ana rubuta sunanta Bexar, amma a baki "Beya" ake cewa.

Kafin magani, sai an san sunan ciwon

Ko a tsakanin masu hali, gano baifola na ɗaukar lokaci. Wani bincike da ƙungiyar masu fama da ciwon ta gudanar a Amurka a 2000 ya nuna kashi 69 cikin 100 an fara gaya musu wani ciwo ne daban, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku sun yi shekara 10 ko fiye kafin a faɗa musu gaskiyar abin da ke damunsu. Dalilin a fili yake. Ba mai zuwa asibiti ya ce ƙarfi ya yi masa yawa. Sai ciwon ya kayar da shi yake zuwa, likita ya ga damuwa, ya rubuta maganin damuwa. Shi kuwa maganin damuwa, in aka bai wa mai baifola shi kaɗai ba tare da maganin daidaita yanayi irin litiyam ba, yana iya tunzura tashin ciwon. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Ga ɗan Hispanik akwai ƙarin shinge. Kalmar da za a ji a bakin mahaifiya ita ce "nervios", wato jijiyoyi ne suka motsa. Kalma ce mai faɗi, tana ɗauke da rashin barci, faɗuwar gaba, ciwon kai, saurin fushi da kuka, kuma tana da wani amfani da bai kamata a raina ba: tana rufa asiri. Mai "nervios" mutum ne da duniya ta yi wa nauyi. Wanda aka ce wa "loco" kuwa, mahaukaci ke nan, kuma mai karatu Bahaushe ya san abin da wannan kalma ke yi wa gida da auren 'ya'yan gidan. Saboda haka ba wurin likitan ƙwaƙwalwa ake fara zuwa ba. Ana zuwa ƙaramin asibitin unguwa da kukan ciwon kai da rashin barci, inda likita ke da minti goma sha biyar, kuma ba lallai ya tambaya ko an taɓa yin mako guda ba a barci ana ta shirye-shiryen kasuwancin da babu jarinsa ba.

In kuma tashin ciwon ne ya kai mutum asibiti, sai a faɗa wani ramin. Tun 1983 wani bincike a Amurka ya nuna cewa baƙar fata da 'yan Hispanik masu baifola sun fi fararen fata fuskantar a ce sikizofiriniya ce ke damunsu, wata larurar ƙwaƙwalwa daban mai sa jin muryoyi da rikicewar tunani. Kuskure ne mai tsada, domin wanda aka yi wa wannan laƙabi da wuya a ba shi litiyam, maganin da aka fi samun shaidar yana rage yawan masu kashe kansu a tsakanin masu baifola.

Batun tafinta ya fi ba ni tausayi, domin kowa a ɗakin da kyakkyawar niyya yake. Likitan ƙwaƙwalwa ba abin da majinyaci ya faɗa kawai yake saurare ba, yana sauraren yadda ya faɗe shi. Saurin magana, tsalle daga wannan zance zuwa wancan, wasa da kalmomi masu kama da juna, su ne alamun maniya. To, aikin tafinta shi ne ya fitar da ma'ana. Majinyaci ya yi minti biyu yana zuba, daga zancen motarsa ya koma kan Budurwa Maryamu ya faɗa kan bashin da yake bin wani, sai tafinta ya tattara ya ce: yana cewa yana da matsalar kuɗi kuma yana yawan addu'a. Ya gyara zancen, ya share alamar ciwon ba da saninsa ba. Dakta Luis Marcos ya rubuta a kan wannan tun 1979 a birnin New York. Ya fi muni in tafintan ɗan majinyacin ne ko 'yarsa. Wace yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ce za ta iya tambayar mahaifinta ko yana tunanin kashe kansa, ko ya riƙa neman mata fiye da da? Kuma wane uba ne zai amsa? Binciken ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka na 2015 ya sami kashi 5.5 cikin 100 kacal na mambobin sana'ar da ke iya duba majinyaci da Sifaniyanci, a ƙasar da 'yan Hispanik suka haura miliyan 62 a 2020.

An sami ɗan ci gaba a nan. Kundin gano cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka da ya fito a 2013 ya zo da tambayoyi 16 da likita zai yi don jin yadda majinyaci da danginsa ke fassara ciwon: me kuke kiransa, me kuke ganin ya kawo shi, wa kuka fara zuwa wurinsa. Dakta Roberto Lewis-Fernández na jami'ar Kolombiya ne ya jagoranci tsara su. Tambayoyi ne masu sauƙi, amma suna buɗe bakin da "kana jin muryoyi?" ke rufewa.

Sai kuɗi. Tekzas ce jihar da ta fi kowace yawan marasa inshorar lafiya a Amurka, kusan mutum 1 cikin 6, kuma 'yan Hispanik ne suka fi yawa a cikinsu. Jihar ta ƙi faɗaɗa shirin Medicaid na talakawa, don haka baligin da ba shi da 'ya'ya kuma ba a tabbatar da naƙasarsa ba, ko ba shi da ko sisi, shirin bai shafe shi ba. Dokar jiha ta 2003 ta sa baifola cikin cututtuka uku da cibiyoyin gwamnati za su fifita, tare da sikizofiriniya da damuwa mai tsanani, kuma asibitin gundumar yana da shirin CareLink da ke bai wa mazauna marasa inshora damar biya daidai ƙarfinsu. Amma kafin ka ci moriyar dokar sai an rubuta maka sunan ciwon daidai, mun kuwa ga yadda wannan yake. Gidan da ke da wani marar takardu kuma yakan guji duk wani ofishin da ake cike fom.

Abin da gundumar ta yi

A 2000 Leon Evans ya karɓi shugabancin Center for Health Care Services, hukumar da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta gundumar. Abin da ya yi ba sabon magani ba ne. Ya tara 'yan sanda, alƙalai, shugabannin kurkuku, asibitoci da jami'an gunduma a teburi ɗaya, ya sa kowa ya lissafa abin da yake kashewa a kan mutanen nan guda. Sai aka ga mutum ɗaya ne ke zagayawa: yau yana ɗakin gaggawa, gobe yana kurkuku, jibi yana ƙarƙashin gada, kowace hukuma na biya daga aljihunta, shi kuwa bai sami jinya ba. A 2002 aka fara shirin karkatar da masu larurar ƙwaƙwalwa daga kurkuku zuwa jinya. Aka ɗauko horon awa 40 da birnin Memfis ya ƙirƙiro a 1988, wanda ke koya wa ɗan sanda ya gane ciwo, ya sassauta murya, ya ba da tazara, ya yi haƙuri. A 2006 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba shirin lambar yabonta ta zinare.

Horo kaɗai ba zai yi ba in babu inda za a kai mutum. A da, ɗan sandan da ya ɗauko mai ciwo yakan share sa'o'i a ɗakin gaggawa yana jiran likita, alhali kai shi kurkuku ba ya cin lokaci. Kowa ya san wanda zai zaɓa. A 2008 aka buɗe Restoration Center, wadda ba ta rufewa dare da rana: akwai ɗakin kwantar da wanda ciwo ya tasar wa na ɗan lokaci, akwai wurin da mashayi zai farfaɗo, akwai sashen raba mutum da ƙwaya. Ɗan sanda ya miƙa mutum, cikin kusan minti 15 ya koma bakin aikinsa. A 2010 aka buɗe Haven for Hope a tsallaken titi, babban matsugunin marasa gida. Hukumomin gundumar sun ce tsarin na rage musu kashe sama da dala miliyan 10 a shekara, kuma jami'ai daga jihohi da dama sun yi ta zuwa ganin yadda aka yi.

Wannan aiki ne na gaske, kuma ya ceci mutane daga zaman kurkukun da ba su cancanta ba. Haɗa jinyar shaye-shaye da ta ƙwaƙwalwa a rufi ɗaya ma dabara ce da ta dace da baifola, domin da yawa daga masu ciwon kan nemi barci ko sauƙin zuciya a kwalba. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A watan Yunin 2023 'yan sandan birnin suka harbe wata mata 'yar Hispanik a cikin gidanta tana tsakiyar rikicin ƙwaƙwalwa, abin da ya girgiza garin da ake kafa misali da shi. Tun 2022 birnin ya fara tura tawagar mutum uku, ɗan sanda da ma'aikacin agajin gaggawa da ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa irin wannan kira, daga baya aka faɗaɗa shirin. Layin waya na 988, na masu neman agajin gaggawa kan lafiyar ƙwaƙwalwa, da aka buɗe a faɗin ƙasar a Yulin 2022 yana da zaɓin Sifaniyanci in an danna 2.

Amma a ganina duk wannan gyaran daren tashin hankali ne. Baifola kuwa ba a dare ɗaya ake cin nasararta ba. A watannin da ke tsakanin tashi da tashi ake yi, lokacin da mutum ya ji garau, ya dubi kwalbar magani ya ce me zan yi da wannan kuma.

Watannin da ba a jin ƙarar jiniya

A ɗauka wani magidanci ne mai aikin rufin gidaje, sana'ar da 'yan Hispanik suka cika a Tekzas. An sallame shi daga asibiti da litiyam. Wannan magani tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce, kuma ƙoda ce ke fitar da shi. In jiki ya bushe, sai ya taru a jini. A 2023 San Antoniyo ta yi kwana 75 zafi na kaiwa kusan digiri 38 ko ya wuce. Mutumin nan yana kan rufi tun safe, gumi na zuba, da yamma bayansa na ciwo, ya sayi ibufurofen a kanti ya haɗiya, shi kuwa ibufurofen yana ƙara hana ƙoda fitar da litiyam. Kwana kaɗan hannu ya fara rawa, ciki ya ɓaci, tafiya ta zama ta mai maye. In ba wanda ya zaunar da shi ya bayyana masa wannan da harshen da yake ji, ɗayan biyu ne: ko ya sha guba, ko ya yanke cewa maganin ne ba ya karɓarsa ya watsar. Takardar gargaɗin da ke cikin kwali ba za ta yi wannan aikin ba.

Mace kuma nata ya sha bamban. Depakote, wanda aka gwada a garin nan, yana da haɗari ga ɗan tayi: kusan jariri 1 cikin 10 da uwarsa ta sha shi da ciki kan zo da wata naƙasa, ciki har da rashin rufewar ƙashin baya. Matan Hispanik kuwa dama sun fi sauran matan Amurka yawan haihuwar jarirai masu irin wannan matsala. Kudancin Tekzas bai manta da 1991 ba, lokacin da aka yi ta haihuwar jarirai marasa cikakkiyar ƙwaƙwalwa a Brownsville da ke bakin iyaka. An daɗe ana ƙara folik asid, wani nau'in bitamin, a garin alkama a Amurka don rigakafin wannan, amma garin masarar da ake yin tortiya da shi, abincin yau da kullum na gidajen 'yan Meziko, sai a 2016 aka ba da izinin ƙara masa. Likitan da zai rubuta wa budurwa 'yar Hispanik wannan magani dole ya yi zancen ciki da tsarin iyali da ita, a gidan da watakila Katolika ne masu riƙo, kuma mahaifiyarta na zaune a gefe. Magana ce mai buƙatar lokaci da sirri da sanin ya kamata.

Sauran magungunan, irin su Zyprexa da Seroquel, suna sa ƙiba kuma suna tura mutum ga ciwon suga. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa fiye da rabin manyan 'yan Hispanik za su kamu da ciwon suga a rayuwarsu. Wanda ya ga an yanke wa kakarsa ƙafa, in ya ga ya ƙara kilo goma cikin wata uku, ba taurin kai ne zai sa ya daina shan magani ba. Tsoro ne mai dalili. Asibitin da ke ba da waɗannan ƙwayoyi ba ya auna nauyi da suga a kai a kai, rabin aiki ya yi.

Akwai kuma kantin ganyayyaki na unguwa, inda ake sayar da kyandir na addu'a da sassaƙe da shayin kwantar da hankali. A nan ake samun ganyen da suke kira "hierba de San Juan", wanda ake sha don damuwa, alhali yana iya tayar da maniya kuma yana rage ƙarfin wasu magunguna. Majinyaci ba zai faɗa ba in ya ga likita zai yi masa kallon jahili. Wanda ya tambaya cikin girmamawa shi ake gaya wa. Haka batun limamin coci da mai maganin gargajiya: mutane ba sa ganin saɓani tsakanin zuwa wurinsu da zuwa asibiti, kuma likitan da ya ce sai an zaɓi ɗaya, yawanci shi ake bari.

Me ke riƙe mutum a kan jinya? Amsa mafi ƙarfi da aka samu, abin sha'awa, daga ƙasar Sifaniya ta fito. A Basalona, Francesc Colom da Eduard Vieta sun ɗauki majinyata 120 da ciwonsu ya lafa, duk suna shan magani. Rabi aka sa su a zaman ƙungiya sau 21 ana koya musu ciwon: yadda yake, abin da ke tayar da shi, amfanin barci a kan lokaci, alamun farko na kowane mutum, abin da za a yi in an gan su. Sauran rabin suna haɗuwa ne kawai ba darasi. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna cewa a lokacin zaman, ciwon ya dawo wa kashi 38 cikin 100 na masu darasi, da kashi 60 na sauran. Bayan shekara biyu, kashi 67 da kashi 92. Babu na'ura, babu sabuwar ƙwaya. Ɗaki ne da kujeru da mai koyarwa. A Amurka ma babban binciken STEP-BD, wanda ya bi majinyata sama da 4,000 kuma San Antoniyo na cikin cibiyoyinsa, ya gano cewa ƙara maganin damuwa a kan mai daidaita yanayi bai fi ƙwayar banza ba, amma zaman tattaunawa mai zurfi, har da wanda ake yi da iyali, ya ɗaga yawan masu farfaɗowa daga kashi 52 zuwa 64 cikin 100.

Sai dai a cikin mutum 2,000 na farko da suka shiga wannan bincike, 'yan Hispanik ba su kai 100 ba. Masu binciken sun ga gibin, suka fita daga asibitocin jami'a suka haɗa hannu da ƙananan asibitocin unguwa, sai adadin ya tashi. Ashe ba ƙin zuwa mutane suke yi ba, ba a je inda suke ba ne. Daga baya hukumar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta ba jami'ar San Antoniyo tallafin kafa cibiya ta musamman, ƙarƙashin Bowden, don nazarin jinyar baifola a cikin al'ummomin Hispanik.

Iyali shi ne babban jarin da ke hannu, kuma an daɗe ana barin sa a bakin ƙofa. Tsarin asibitin Amurka an gina shi ne a kan mutum ɗaya da sirrinsa. A gidan ɗan Meziko kuwa majinyaci yakan zauna da iyayensa ko 'yan'uwansa, kuma su ne ke fara lura. Uwa ce za ta ga fitilar ɗakinsa a kunne ƙarfe uku na dare kwana biyu a jere. Matarsa ce za ta ga ya fara kiran tsofaffin abokai yana zancen buɗe kamfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Steven López na jami'ar Kudancin Kalifoniya, a bincikensa kan iyalan 'yan Meziko masu jinyar sikizofiriniya, ya gano cewa ɗumin zuciyar dangi na kare majinyaci daga komawar ciwo. Amma ƙauna ba ta maye gurbin sani. Dangin da ba a koya musu ba su ne za su ce ai ka warke, bar ƙwayoyin nan kada su zame maka jiki, ko su ɓoye tashin ciwo har sai ya kai ga kiran 'yan sanda. Ƙungiyar NAMI, ta masu larurar ƙwaƙwalwa da danginsu a Amurka, tana da darasin iyalai da Sifaniyanci mai suna De Familia a Familia, wanda dangin masu ciwo ke koyar da 'yan'uwansu dangin masu ciwo, kyauta.

Tsakanin gida da asibiti kuma akwai "promotora", matar unguwa da aka horar kan kiwon lafiya. Tekzas na cikin jihohin farko da suka ba wannan aiki takardar shaida, da horon awa 160. An fi saninsu a yaƙi da ciwon suga, amma abin da mai baifola ke buƙata bai bambanta ba: wadda za ta shigo gida a ba ta kujera a kicin, ta ga inda aka ajiye magani, ta tuna ranar awon jini, ta san motar haya mai zuwa asibiti. A jami'ar garin ma, Dawn Velligan ta ƙirƙiro wata hanya ta ziyarar gida ga masu larura mai tsanani, inda ake liƙa takardar tuni a madubi, a jera ƙwayoyi a akwati mai ranaku, a saita agogo mai ƙara. Ƙananan abubuwa ne, kuma ba sa fitowa a rahoton shekara kamar yadda gadajen kurkuku da aka rage ke fitowa. Ina jin wannan na cikin dalilan da suka sa kuɗi ya fi saurin zuwa ga daren rikici.

Mu koma ga mai rufin nan. Awon litiyam ana yin sa ne awa 12 bayan ƙwayar ƙarshe. Wanda ya sha tasa ƙarfe takwas na dare, ƙarfe takwas na safe ya kamata a ɗebi jininsa, kafin ya sha ta safe. A farkon jinya ana maimaita awon a kai a kai har adadin ya daidaita, daga baya duk bayan 'yan watanni, tare da duba ƙoda da ƙullin tayirod da ke wuya. Ƙarfe takwas na safe kuwa motar ɗan kwangila ta daɗe da tashi, domin a lokacin zafi da asuba ake hawa rufi. In ya tsaya awo, kuɗin yinin ya tafi, watakila da gurbinsa. Dokar Tekzas ba ta tilasta wa mai aiki ya biya ma'aikaci ranar da ya je asibiti ba. Majalisar birnin San Antoniyo ta zartar da dokar hutun rashin lafiya mai albashi a 2018, 'yan kasuwa suka kai ƙara, kotu ta dakatar da ita a ƙarshen 2019 kafin ta fara aiki, kuma ba ta taɓa aiki ba.